Yadda Ake Zaman Awa Ɗaya Gaban Sakramenti Mai Albarka

Shekara goma sha uku na yi ina aiki a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri. Wanda bai taɓa leƙa irin wurin ba ba zai san ƙarar da ke ciki ba. Injuna jere-jere suna bugawa lokaci ɗaya, magana sai da hannu. Ko na tashi aiki na koma gida Sabon Tasha, ƙarar tana nan cikin kunnena har barci ya ɗauke ni. Da aka rufe masaƙar a farkon shekarun 2000, sai ƙarar ta bar kunne ta koma zuciya: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara huɗu, da abin da zan faɗa wa maiɗakina in na koma hannu rabbana.

Cikin wannan hali katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini a cocinmu na Katolika, wani dattijo da yanzu ya huta, ya tarar da ni zaune a benci bayan an tashi Mas, wato babbar sujadarmu, na safe. Ya ce, "Ɗana, ranar Alhamis ƙarfe biyar ba mu da mai zama gaban Sakramenti. Ka zo ka riƙe mana awa ɗaya." Na ce, "Baba, ai ban san abin da ake faɗa ba." Ya dube ni ya ce, "In ka je zaman makoki, ko ka je duba mara lafiya, wa'azi kake yi? Gaisuwa kake yi, ka nemi wuri ka zauna. Zaman shi ne gaisuwar."

Yau sama da shekara ashirin ke nan ina riƙe da wannan awa. Matasa da dama sun faɗa mini abin da na faɗa wa Baba katikis, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda nake yi, ko wani zai samu abin kamawa.

Da farko ka san gaban wa za ka zauna. Mu Katolika mun gaskata cewa bayan Fada ya yi addu'ar tsarkakewa a Mas, gurasar da ke kan bagade ta zama jikin Yesu Kristi na gaskiya, ko da yake ido gurasa yake gani, harshe ma gurasa yake ji; ita muke kira Sakramenti Mai Albarka. Kuma ba ya barinta don an tashi Mas. Abin da ya ragu ana ajiye shi cikin tabanakul, akwatin nan mai makulli da ke kusa da bagade, da jar fitila tana ci a gefensa dare da rana. Fitilar sanarwa ce: Maigida yana nan. Ranar da aka shirya zaman sujada kuma, Fada yakan fito da babbar gurasa guda ya sa ta cikin monstrans, abin nan mai kama da rana da haskenta, mai gilashi a tsakiya, ya ɗora bisa bagade tsakanin kyandirori. Ko yana cikin tabanakul ko yana cikin monstrans, shi ne dai. Bambancin kawai, a monstrans idonka yana da inda zai sauka, kuma wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga mai kai cike da tunani.

Sai zaɓen lokaci. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin sukan ce "in na samu sarari zan je." Sarari ba ya samuwa a Kaduna. Tsakanin cunkoson gada, layin mai, taron Zumuntar matan coci da bikin 'yan garinku, mako zai wuce ba ka leƙa ba. Ka je wurin katikis ko ofishin faris ka tambayi ranar da ake fito da Sakramenti. A wurare da yawa Alhamis ce da yamma, ko Juma'ar farko ta wata, wasu majami'u kuma suna da ƙaramin ɗakin sujada da ke buɗe tun safe. In akwai takardar da ake rubuta suna, rubuta naka gaban awa guda. Sunan nan da ke kan takarda ya fitar da ni daga gida ranakun da ba abin da zai fitar da ni, domin na san in ban je ba wata Mama za ta yi ta jira ba ta samu wanda zai karɓe ta ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Da Ubangiji ma haka ne.

Alhamis kuwa ba zaɓen banza ba ce. Daren Alhamis ne Yesu ya ba da jikinsa da jininsa a cin jibi na ƙarshe, a daren ne kuma ya tafi Getsamani, ya dawo ya tarar da Bitrus da 'ya'yan Zabadi suna barci, ya ce, "Ashe, ba ku iya zama a faɗake tare da ni ko da sa'a ɗaya ba?" Yana cikin Matiyu 26:40. Daga wannan tambaya aka samo awa ɗayar. Wata sista a Faransa, Margaret Maryamu Alakok ta garin Paray-le-Monial, ita ta shahara da riƙe wannan sa'a kowane daren Alhamis a shekarun 1670, daga nan al'adar ta bazu. In awa ta yi maka yawa a farko, fara da minti goma sha biyar. Gara kaɗan da za ka riƙe kowane mako da mai yawa da za ka yi sau ɗaya ka gudu.

Kada ka cika jaka. Littafi Mai Tsarki da rozari, wato carbin addu'armu, sun isa. Ni nakan ƙara da 'yar takarda da biro, zan faɗi amfaninsu. Waya kuwa a kashe ta gaba ɗaya tun daga bakin ƙofa. Wasu sukan ce Littafinsu yana cikin wayar. Na gwada, kuma abin da na gani shi ne, hannun da ya buɗe Zabura a waya shi ne zai buɗe WhatsApp bayan minti uku. In ɗakin na cire takalmi ne, cire.

Da ka shiga, ka tsoma yatsa a ruwa mai tsarki ka yi alamar gicciye, sannan ka durƙusa. Gwiwa ɗaya ta wadatar bisa ƙa'idar Ikilisiya, amma mu da muka taso a hannun tsofaffi mun saba da gwiwa biyu da sunkuyar da kai in Sakramenti yana waje, kuma ina ganin kyan hakan. Mai ciwon gwiwa ya rusuna kawai, ba laifi. Kada ka yi saurin neman benci kamar mai kama mota a tasha. Tsaya kaɗan a durƙushe ka yi gaisuwa. Tawa ita ce maganar Toma, almajirin Yesu: "Ya Ubangijina da Allahna." Wani lokaci nakan ƙara da, "Ga ni, na zo."

Minti goma na farko su ne masu wuya, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ne yawancin mutane suke yanke cewa abin ba nasu ba ne. Da ka zauna shiru, duk abin da ka danne cikin mako zai taso. Bashin mai shago. Maganar da surukarka ta faɗa. Ko ka kashe risho. Ƙarar Keke daga titi, da wa'azin lasifika daga cocin da ke maƙwabtaka, da kiran sallar la'asar ko magariba daga nesa. Za ka ji kamar kai kaɗai ne ba ka iya addu'a ba, ga kowa ya natsu. Ba haka ba ne, kowa da kasuwar da ke ci a kansa. Ruwan rijiya in an ɗebo shi da laka ba a tsarkake shi da motsawa, ajiye shi ake yi ya kwanta. Kada ka yi kokawa da tunanin. Ka ɗaga ido ka dubi farar gurasar nan, ka ja numfashi a hankali, ka ambaci sunan Yesu. Tunani ya sake ɗauke ka, ka sake dawowa. Ko sau hamsin ne, kowace dawowa addu'a ce. Abin da ya nace, kamar "kada ka manta kuɗin jarrabawar yarinya", rubuta shi a 'yar takardar nan ka ajiye, zai sake ka. Wanda ya ƙi saki ko an rubuta shi, to shi ne abin da ya kamata ku tattauna da Ubangiji a ranar. Ɗauke shi ka ajiye gaban bagade ka ce, "Ga abin da ya hana ni sakat."

Bayan kai ya ɗan kwanta, nakan fara da godiya, kuma da suna nake yi. Ba "na gode da kome da kome" ba. Na gode da aikin wayarin da na samu a Barnawa ranar Talata, na gode da zazzaɓin jikata da ya sauka, na gode da ruwan da aka yi. Mutum in ya fara lissafa alheri ɗaya bayan ɗaya, yakan ji kunyar yawan gunaguninsa, daga nan neman gafara yake zuwa da kansa ba tare da an tilasta shi ba. In abin da ya fito mai nauyi ne, kada ka tsaya a nan, ka nemi Fada ka furta zunubinka. Sau da yawa zaman Alhamis ne yake kai ni layin furta zunubi ranar Asabar.

Sannan karatu, amma kaɗan. Aya biyar zuwa goma sun isa awa guda. Ga mai farawa ina ba da shawarar Yohanna sura 6, inda Yesu ya ce shi ne gurasar rai har mutane da yawa suka juya masa baya, Bitrus ya ce, "Ubangiji, wurin wa za mu je?" Ko Luka 24, almajirai biyu a hanyar Imuwasu da suka gane shi wajen gutsuttsura gurasa. Ko Zabura 63, ko labarin Iliya a 1 Sarakuna 19, wanda bai sami Allah cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba sai cikin 'yar murya mai sanyi. Karanta a hankali. Inda wata kalma ta taɓa ka, tsaya nan, rufe littafin, ka yi ta juya ta kamar goro a baki. Ba gasar gama sura ake yi ba.

Rozari yana da wurinsa, Ikilisiya ba ta hana ba, kuma ranar Alhamis asiran haske ake yi, wato al'amura biyar na rayuwar Yesu da ake tunani a kai, waɗanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara a 2002, na biyar ɗinsu kuwa kafa Yukaris ne, wato wannan Sakramenti. Sai dai ina roƙon iyayena mata na Zumunta da 'yan'uwana na ƙungiyoyi, da girmamawa nake faɗa: kada mu cika awar tam da rozari da litani da waƙa har ba a bar wa Maigida ko minti biyar ya yi magana ba. In baƙo ya zo gidanka ya yi ta zuba tun shigarsa har fitarsa, ya tafi bai ji ta bakinka ba, ziyara ya yi ko sanarwa?

Saboda haka ka ware aƙalla minti goma sha biyar na shiru zalla. Ba karatu, ba roƙo. Ka ce abin da yaro Sama'ila ya ce, "Yi magana, bawanka yana ji," sannan ka yi shiru da gaske. Ana ba da labarin wani manomi a ƙauyen Ars na Faransa, zamanin Fada Yohanna Biyani wanda ya rasu a 1859. Kullum yakan shiga coci ya zauna ba ya ko motsa leɓe. Da Fada ya tambaye shi me yake yi, ya ce yana duban Yesu, Yesu yana dubansa. Kada ka sa ran jin murya ko ganin haske. Ni ban taɓa ji ba, ban taɓa gani ba. Abin da na sani shi ne nakan shiga da magana a cunkushe, in fito na san abu ɗaya da ya kamata in yi, ko abu ɗaya da ya kamata in bari.

Roƙo nakan bar shi ƙarshe, shi ma da suna. Iyali, marasa lafiya, waɗanda ke hannun masu garkuwa, fadanni da masu koyon aikin fada. Tun Janairun 2020 da aka sace ɗalibai huɗu daga seminari, wato makarantar koyon aikin fada, ta Good Shepherd da ke Kakau, aka kashe Michael Nnadi yana ɗan shekara 18, ban taɓa tashi daga wurin ban ambaci yaran seminari ba.

Barci zai zo, musamman lokacin zafi, watan Maris da Afrilu, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya. In ka ji yana zuwa, durƙusa ko ka miƙe tsaye a baya. Kada ka zo da cikin da ka cika da tuwo. In kuma ya fi ƙarfinka ka farka ka ga minti ashirin sun tafi, kada ka tashi da baƙin ciki. Tereza ta Lisieux, wata sista a Faransa, wadda ita ma barci yakan ɗauke ta wajen addu'a, ta ce iyaye suna ƙaunar 'ya'yansu suna barci kamar yadda suke ƙaunarsu a farke. Abin da ya fi barci wuya shi ne bushewa: makonni, wani lokaci watanni, kana zuwa ba ka jin kome, kamar kana zaune gaban bango. Na yi kusan shekara a haka bayan rasuwar ƙanena. Abin da ya riƙe ni shi ne addu'ar mahaifin yaron nan a Markus 9:24, "Na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata," da kuma sunana da ke kan takarda. Manomi ba ya daina zuwa gona don bai ga tsiro ba a mako na farko.

Mutane sukan tambaye ni me na samu. Masaƙa ba ta sake buɗewa ba, kuma ba a gaban bagade na tsinci kuɗin haya ba. Wayarin na koya a hannun wani yaro da na girme shi da shekara goma sha biyar, kuma na tabbata ba don zaman Alhamis ya sassauta mini girman kai ba, da ban iya zama ɗan koyo a hannunsa ba. Mas ma ya canza mini. Dā nakan karɓi Tarayya, wato jikin Kristi da ake ba mu a Mas, kamar yadda ake karɓar kati a layi. Wanda ya yi awa guda yana duban gurasar nan ranar Alhamis ba zai miƙa hannu ko harshe ranar Lahadi da gaggawa ba.

Amma babban abin shi ne fushi. Duk wanda ya zauna a Kaduna a Fabrairun 2000 ya san rikicin addinin da ya faru, ya kuma san yadda kogi ya raba garin biyu bayan haka. Ina da aboki Musulmi da muka yi shekaru muna aiki a layi ɗaya a masaƙa, muna cin abinci a kwano ɗaya. Bayan rikicin shi yana Tudun Wada, ni ina kudu, ba wanda ya nemi wani. Da bam ya tashi a cocin St. Rita da ke Malali ranar 28 ga Oktoba 2012, abin da na ɗauka ya mutu a zuciyata ya taso sabo. Na kai shi gaban Sakramenti mako bayan mako, ba don in rabu da shi ba, don in kai ƙara. Sai dai da wuya mutum ya yi ta duban wanda ya ce "Ya Uba, ka gafarta musu" yana kan gicciye, ya ci gaba da riƙe wuƙa a zuci. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Wata Asabar dai na hau mota na haye gada na nemi gidansa. Da ya gan ni ya ce, "Ashe kana raye, mutumina?" Muka zauna a tabarma a ƙofar gida, muka fi awa ba mu faɗi wani abin kirki ba. A hanyar dawowa na lura cewa irin zaman da na koya ranar Alhamis ne na yi da shi.

Akwai kuma abin da katikizim ke kira indaljens, wato yafe horon da ke biyo bayan zunubin da aka riga aka gafarta. Ikilisiya tana ba da cikakkensa ga wanda ya yi aƙalla rabin awa yana sujada gaban Sakramenti, in ya furta zunubi, ya karɓi Tarayya, ya yi addu'a domin nufin Paparoma, zuciyarsa kuma ba ta manne da wani zunubi ba. Ana iya miƙa shi domin wanda ya rasu. Nakan yi wa ƙanena da mahaifina, wanda ya ɗora ni a kafaɗar wani abokinsa a Dandalin Murtala a Fabrairun 1982 don in hango Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ranar da ya naɗa sababbin fadanni a nan Kaduna.

In zaman na jama'a ne, yakan ƙare da Benedikshan, wato sa wa jama'a albarka da Sakramenti. Za a rera Tantum ergo, baiti biyu na ƙarshe na waƙar da Toma Akwinas ya tsara lokacin da Paparoma Urban na Huɗu ya kafa idin Jiki da Jinin Kristi a 1264. Za a sa turare, Fada ya yafa mayafi a kafaɗa ya rufe hannuwansa da shi kafin ya ɗaga monstrans, don a san albarkar ba tasa ba ce, ta wanda yake riƙe da shi ce. Durƙusa, ka yi alamar gicciye. Fada ko dikin, wato mai matsayin da ke ƙasa da na Fada, ne kaɗai ke sa wannan albarka.

Wanda yake jin nauyin farawa shi kaɗai, akwai ƙofofi biyu masu sauƙi a shekara. Ɗaya daren Alhamis Mai Tsarki, bayan Mas na wanke ƙafa, lokacin da ƙungiyoyi ke karɓa-karɓa gaban bagaden da aka ajiye Sakramenti har tsakar dare. Ɗayar kuma Lahadin Kristi Sarki a watan Nuwamba, da muke zagaya unguwa da Sakramenti, tunda a Najeriya an mai da zagayen idin Jiki da Jinin Kristi zuwa lokacin da damina ta wuce. Ka zo da yara ma. Minti biyar ya ishe su, ka nuna musu jar fitilar, ka gaya musu wanda ke ciki. Zaman dare kuwa a bi shawarar Fada da masu tsaron coci, a tafi tare a dawo tare, kada tsohuwa ta bi lungu ita kaɗai da sunan ibada.

Abu na ƙarshe, kuma ƙa'ida ce mai ƙarfi: in Sakramenti yana waje cikin monstrans, ba a barinsa ba kowa. Awarka ta cika, wanda zai karɓe ka bai iso ba, kada ka tashi. Jira shi, ko ka aika a kira katikis ko Fada su mayar da shi tabanakul. Idan ya iso, ba sai kun gaisa da baki ba, ɗaga kai ya isa, gaisuwar ta jira waje. Ka durƙusa kamar yadda ka yi da shigowa, ka ce, "Sai Alhamis mai zuwa, in ka yarda." Kada ka kunna waya sai ka fita harabar coci.